Sakan Biyu Ba Kaɗan

A unguwarmu a Garwa ba mai kiran Bappana da sunansa. Baban Safiya ake ce masa, ko da yake ba shi ya haife ni ba, wan mahaifina ne. Sunansa Halliru. In baƙo ya yi kuskure ya ƙwala masa kira da shi, sai ya tsaya cak, ya dubi ƙasa maimakon mai kiran. Muna yara dariya abin yake ba mu. Allah Ya yafe mana.

Da can haƙar rijiya yake yi, shi da ƙanensa Mahamman, wato mahaifina. Ina shekara uku suka tafi aiki wani ƙauye kusa da Bogo, Bappa ya dawo shi kaɗai. Abin da aka gaya mini ke nan: babanki ya rasu a rijiya. Bappa ya ba da igiyarsa da dagi kyauta, ya ɗauke ni, ya sami aikin shara a wata lise, wato makarantar sakandare. Shi ya kai ni boko, dangi suna ta surutu, ya toshe kunne. Mutum ne marar magana, mai goron da ba ya raba wa kowa, kuma ko guga ba ya yarda ya ja. Ni nake ɗebo mana ruwa.

A shekarar 1975 ina aji a wannan lise ɗin, aka kawo mana malamin kimiyya daga kudu, Mushe Léon, wato Malam Léon da Faransanci. Ba Hausa, ba Fulatanci, sai Faransanci da gumi. Ya zo da wata na'ura da yake ji da ita fiye da matarsa. Doguwar sanda ce, a samanta maganaɗisu na lantarki yana riƙe da ƙwallon ƙarfe, a ƙasa ɗan faranti. Da an danna maɓalli sai ƙwallo ya saki, agogo ya tashi. Da ya bugi farantin sai agogo ya tsaya. Ba ruwan ido ko hannun mutum, na'urar ke jin tashi da sauka da kanta.

Ran nan ya saki babban ƙwallo, ya rubuta lamba. Ya saki ƙarami, lambar nan dai ta sake fitowa. Ya ce nauyi ba ya sa abu ya riga wani isa ƙasa. Ni kuwa ina ta ɗaga hannu, sarkin iyayi, ban lura Bappa ya jingina tsintsiya a bakin ƙofa yana kallo ba.

Da aka tashi, ya tare ni. "Safiya, me mutumin nan ya ce?"

Na fassara masa, ina hura hanci.

"Zo ki tambayar mini shi. Mutum ma haka yake faɗuwa, kamar dutse?"

Mushe Léon ya ji daɗi, mai shara yana son ilimi. Ya ce ƙwarai, mutum ma.

Bappa ya ce, "To, gaba goma fa? Lokaci nawa?"

Mushe ya sa Bappa ya buɗe hannuwa, ya auna tsawon gaba ɗaya da ma'auni, sannan ya miƙo mini alli, wai in nuna wa Bappana abin da na iya. Wallahi da rawar jiki na yi lissafin nan. Mita goma sha takwas. Na ja layi biyu a ƙarƙashin amsa, na juyo ina jiran yabo. "Sakan biyu ba kaɗan, Bappa. Ɗaya da ɗigo tara."

Bai san sakan ba. Mushe ya cire ƙwallon, ya nuna masa ya danna maɓallin da yatsa, ya daki farantin da tafin hannu, agogo zai nuna tsawon abin da ke tsakani. Bappa ya goge hannu a riga. Ya danna, ya ce, "La ilaha illallah," ya daki faranti.

Ɗaya da rabi. Na karanta masa, na ce ai bai kai ba, da saura.

Na ga fuskarsa ta saki, kamar zai yi murmushi. Sai kuma ta ɗaure. Ya sake dannawa, da wata murya da ban san shi da ita ba, siririya, ya ce, "Halliru! La ilaha illallah."

Biyu da ɗigo bakwai.

Ya sake. Biyu da rabi. Ya sake, ya sake, yana haɗiye harufa, har Mushe Léon ya riƙe masa hannu don kada ya karya farantin. Ni allin yana hannuna, ko jaki ne ni na gane.

A hanyar gida, rana tsaka, a gindin wata darbejiya, ya gaya mini. Sun gama rijiyar, gaba goma cif, ruwa bai taru ba tukuna, ƙasanta dutse. Babana yana tsaye kan gungumen da aka gicciya a baki, ashe gara ta cinye cikinsa. Bappa ya juya baya yana naɗe igiya. Ƙarar itace ya ji, sai sunansa, sai ƙarar ƙasa.

"Ba Yaya ya ce ba, Safiya. Tun da ya yi wayo bai taɓa kama sunana ba, sai ran nan. Shekara goma sha huɗu ina cewa wataƙila ya samu ya yi kalma bayan nan, ni ne ban ji ba."

Na kai shi wurin limamin unguwa. Liman ya ce wanda ya mutu irin wannan mutuwa ana kyautata masa zato, Allah kuma zuciya Yake dubawa, ba agogon Nasara ba. Bappa ya ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam." Muna fita ya ce, "Amma numfashin da ya rage masa, a kaina ya ƙare shi."

Daga nan duk ranar da ya shiga share ɗakin kimiyya sai ya gwada. Mushe Léon ya sani, ya riƙa barin na'urar a jone. Har aka yi masa canji zuwa Marwa, Bappa bai taɓa sauka ƙasa da biyu da ɗigo ɗaya ba. Na tsani na'urar nan, na tsani alli, na fi tsanar layukan nan biyu da na ja.

Da damina ta 1981 ya kwanta ciwo. Wata safiya ina ba shi kunu, ya kama hannuna.

"Lissafin nan naki. Ba kuskure?"

Na ce, "Akwai, Bappa. Na sake yi daga baya, na manta da iska. Sakan uku ne. Ya samu."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ke da ba kya kuskure." Ya juya fuska bango.

Kwana tara ya ƙara. Shi kam ya sami lokaci, ya yi kalmarsa a tsanake, mutane suna ta cewa ya dace. Ni ce kusa da bakinsa, ni kaɗai na san sau biyu yake yin kowacce. Ɗaya a hankali, ɗaya da gudu.