Harafi Biyu a Jerin Na-Duba

Shekara ashirin da shida ta yi tana aiki a laburaren kwalejin horar da malamai, kuma a goma sha ɗayan ƙarshe kusan babu mai kiranta da sunan yanka. Na-Duba ake ce mata. Ɗalibai kan ƙara Anti a gaba don ladabi.

'Yar mai ɗinkin littattafai ce. A shagon mahaifinta ta koyi ƙirga shafuka kafin a ɗinke, domin shafin da aka tsallake ba ya komawa ciki bayan an shafa gam. Ta shiga laburare a matsayin mai buga takardu da tafireta, a wani ɗaki marar taga da ke bayan kantocin littattafai. Da aka kawo kwamfutoci goma sha biyu aka jera a tsohon ɗakin jaridu, ita aka danƙa wa makullin, saboda ita kaɗai ce yatsunta suka saba da bugu.

A ɗakin nan ta fara abin da aka san ta da shi. Kowace Litinin takan fitar da jeri guda: shafukan intanet inda ake samun littattafai da mujallun bincike kyauta, sanarwar guraben ƙaro karatu, tarukan bita na malamai, ranakun rajistar jarrabawa. Da farko a allon sanarwa take liƙawa, daga baya ta riƙa turawa ta waya, har masu karɓa suka haura dubu. Abin da ya sa aka yarda da jerin kalma biyu ce da take sawa a ƙarshen kowane adireshi: na duba. Wato ta buɗe shafin da hannunta, ta karanta adireshin harafi bayan harafi, ta gwada shi da na bara. Abin da ba ta duba ba, ba ya shiga.

Har ba'a ake yi mata da shi. Wani malamin lissafi ya taɓa leƙowa ya ce, "Anti, uwargida ta ce ta huce. A taimaka a duba mini."

"Kawo adireshin," in ji ta, ba tare da ta ɗago ba.

Mijinta tela ne, kuma shi ya fara lura. Tun aurensu ita ke zura masa zare a allura idan ta dawo daga aiki. Wata rana da yamma ya zauna yana kallonta tana ta kai zare gefen allura.

"Malama, ramin yana nan, kina neman sa a can."

"Allurarka ce ta tsufa."

"Jiya na saye ta."

Ya ce su je asibitin ido, ta ce sai an yi hutu. Hutu ya zo ya wuce, wani ya biyo shi. Ta san inda ake mayar da ma'aikacin da idonsa ya gaza: teburin karɓar jakunkuna a bakin ƙofa. Ta ga wanda ya koya mata aiki ya ƙare a can, yana miƙa wa yara lambar katako. Don haka ta ƙara girman rubutu a kwamfutarta, ta juya fuskar na'urar zuwa bango. Sannu a hankali ta daina karanta adireshi, ta koma gane shafi da launinsa da tambarinsa, kamar yadda ake gane maƙwabci daga nesa da rigarsa. Kalma biyun nan kuwa ba ta daina rubuta su ba.

A shekarar, 'yan ajin ƙarshe su sittin da huɗu ne, kuma dole kowannensu ya yi rajistar jarrabawar shaidar koyarwa kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a. Wanda ya rasa, sai baɗi. Saƙo ya shigo mata ɗauke da tambarin hukumar jarrabawa da adireshin rajista. Ta buɗe. Launi shi ne, tambari shi ne. Ranar Litinin ta sa shi a kan jeri, ta rubuta na duba.

Ranar Alhamis da hantsi, 'yar ƙanenta, wadda ke cikin ajin, ta shigo da fara'a.

"Gwaggo, bana kam an gyara shafin nan. Sau ɗaya na ɗora hotona ya karɓa."

Na-Duba ta ɗauke hannu daga kan tebur. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana fama da shafin hukumar, kuma bai taɓa karɓar hoton kowa a karon farko ba.

"Bai ce hoton ya yi girma ba?"

"Ko uffan."

"Bai tsaya yana juyi ba?"

"Kamar an shafa masa mai. Takardar haihuwa, sakamako, sa hannu, duk ya haɗiye."

"Lambar jarrabawa fa?"

"Ya ce za a turo."

"Ku nawa kuka yi?"

"Duk ajinmu mana. Ai kin duba."

Ta ce wa yarinyar ta jira a waje, ta rufe ƙofa. Fanka na juyawa, kwamfutoci goma sha biyu na gurnani ƙasa-ƙasa. Ta ciro jerin bara daga fayil, ta ɗauko gilashin ƙara girma na mahaifinta da ke ƙasan durowa, ta ɗora a kan takarda, sannan a kan fuskar na'ura. Sai a zagaye na uku ta gani. Inda adireshin bara yake da harafin m, wannan r ne da n a manne da juna. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai ramin allura ba.

Akwai hanya mai sauƙi, kuma ta daɗe tana kallonta. Tana iya tura adireshin gaskiya ta ce gyara ne daga hukuma. Amma ta san ɗalibanta. Wanda ya ga an rubuta masa "an karɓa" ba zai sake bin layi don gyara ba, sai an gaya masa ƙarara cewa ba shi da rajista, an kuma gaya masa dalili. Faɗin dalilin kuwa shi zai kai ta teburin bakin ƙofa.

Ta kira yarinyar, ta miƙa mata jerin bara. "Karanto mini wannan, harafi ɗaya-ɗaya. Kada ki yi sauri."

"Gwaggo, lafiya?"

"Karanta."

Saƙon da ta tura yana nan a wayoyin mutane da dama: "Adireshin rajistar da na turo ranar Litinin na bogi ne. Na rubuta na duba, alhali ban duba ba. Idona ya daina ganin ƙananan haruffa. Babu wanda aka yi wa rajista. Ga adireshin gaskiya, wani ne ya karanta mini."

Ranar Juma'a layi ya kai har bakin matakala. Ba wanda ya zage ta, ba kuma wanda ya yi mata ba'a. Shafin gaskiya ya yi halinsa: ya ƙi hotuna, ya tsaya, ya koma farko. Duk hoton da ya ƙi, sai ta ji numfashinta ya ɗan sauka. Da ƙarfe huɗu ta buga, hamsin da bakwai sun samu lamba, har da 'yar ƙanen nata. Huɗu suna ƙauyuka wajen gwajin koyarwa, saƙon bai riske su ba. Uku suna zaune a gaban na'ura shafin ya rufe. Su bakwai suka rasa shekara.

Shugaban laburare bai ɗaga murya ba. "Malama, da kin faɗa mana tun farko." Ranar Litinin ya karɓi makullin ɗakin kwamfuta.

Shekara biyun da suka rage mata ta yi su a teburin jakunkuna. An yi mata aiki a ido ɗaya, ya ɗan washe. Jerin Litinin yana ci gaba a hannun wani, ya ma fi da tsawo, sai dai babu komai a ƙarshen adireshi.

Shafin bogin ya ɓace tun washegarin rufe rajista, tare da hotuna sittin da huɗu, da takardun haihuwa, da sa hannu. Ba a gano masu shi ba. Wata takwas bayan haka, ɗaya daga cikin ɗaliban ya zo ya tsaya a gaban teburinta, ya ce an kira shi ana tambayarsa kan wani layin waya da aka buɗe da sunansa a garin da bai taɓa takawa ba. Bayansa wata ɗaliba ta zo, an nemi aiki da sakamakonta. A ranar ta sa mijinta ya rubuta mata sunayen su sittin da huɗun da manyan haruffa a bayan kwalin da yake rubuta awon ɗinki, ta rataye a ɗakinta. Duk wanda labarinsa ya iso, takan ja layi a gefen sunansa.

Ta yi ritaya, amma ba ta canza lambar wayarta ba, kuma ba ta kashe ta. Zuwa yanzu layi tara ta ja. Sunan 'yar ƙanenta shi ne na goma sha huɗu daga sama, gefensa fari tas, kuma nan take fara dubawa kowace safiya.