Torgny Almen, Wanda Ya Kashe Kasuwarsa Don Kifin Tafkin Orrvik

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran Torgny Almen a asibitin gundumarmu, bayan ciwon zuciya da ya yi ta fama da shi tun farkon hunturu. Yana da shekara saba'in da huɗu. Matarsa Majken ce ta bugo mini waya da safe, ina buɗe shagon kofina na bakin tafki. Na ajiye wayar, na tsaya ina kallon ƙanƙarar da ta rufe ruwan, na daɗe ban kunna wutar shagon ba.

Torgny, yaran yanzu sun san ka a matsayin dattijon da ke tsare mutane a matsayar kwalekwale yana auna musu kifi. Ba su san cewa a da babu wanda yake cin moriyar kisan manyan kifaye a garin nan kamar kai ba. Sana'ar da ka gada wurin mahaifinka ke nan. Duk wanda ya kama ƙatuwar gedda, kifin nan namu mai dogon baki da haƙora, wurinka yake kawo ta. Ka feɗe ta, ka busar da fatar, ka cika ta da kaya har ta koma siffarta, ka yi mata fenti da idon gilashi, mai ita ya je ya kafe a bangon falonsa. Baƙi daga Jamus da Holand sukan bar kifinsu a hannunka, su dawo bayan shekara su karɓa.

Shagona yana jikin naka, don haka ni na fara jin damuwarka. Kakan shigo shan kofi kana warin kifi, ka ce mini duk wata babba da ka feɗe mace ce, kuma mafi yawansu cike suke da ƙwai. Daga baya ka fara cewa abin da ake kawo maka yana ta ƙanƙancewa, kifin da mahaifinka zai kori mutum da shi yanzu shi ake kira abin alfahari. Mu ma muna gani. Ƙananan kifaye marasa amfani sun yi yawa tunda babu manyan da za su ci su, ruwan kuma yakan yi kore da gansakuka a tsakiyar bazara. Kowa yana gani, kowa ya yi shiru, domin baƙi suna zuwa kuma gidajen haya suna cika.

Ba ka yi gaban kanka ba. Ka nemi jami'ar kula da kifi ta gunduma, kuka yi bazara guda kuna zagaya tafkin a kwalekwalenka. Ta faɗa maka abin da ya yi aiki a wasu tafkuna, kai kuma ka nuna mata inda gedda ke zuba ƙwai cikin ciyayin gaɓa.

Ba zan manta da taron ƙungiyar masu haƙƙi a tafkin na waccan shekarar ba. Muna zaune a zauren coci, an jera kofi da burodin kirfa, sai ga ka da daro a hannu. Ka dire shi a tsakiyar tebur. Ƙwan kifi ne fal, na gedda guda ɗaya da wani baƙo ya kawo maka a ranar. Ka ce mana uwa ɗaya irin wannan tana zuba abin da ƙanana da yawa ba za su zuba ba, kuma kai da hannunka ka zubar da irin wannan daro a shara fiye da yadda za ka iya tunawa. Sannan ka kawo buƙata uku. Kifin da bai kai santimita arba'in ba a mayar da shi ruwa, domin ya samu ya hayayyafa ko sau ɗaya kafin ya shiga tukunya. Wanda ya wuce saba'in da biyar shi ma a mayar, domin su ne iyaye. Tsakanin nan kuma kada mutum ya wuce uku a rana, don kada jirgi ɗaya ya kwashe rabon gari.

Evert Skoglund, mai gidajen haya a ƙarshen gari, abokinka tun kuna makaranta, ya fashe da dariya ya ce, “Torgny, ko warin fentinka ya taɓa maka kai ne? In an hana kashe manya, me za ka cika? Kyanwar Majken?”

Ka ce, “Zan nemi abin yi, Evert. Kai dai ka tanadi abin da za ka nuna wa baƙinka ranar da suka zo suka tarar da ruwa kawai.”

Da ƙyar dokar ta wuce, kuma kai ka fi kowa shan wuyarta. Aiki ya tsaya cak. Wasu suka daina gaishe ka a kanti, wani ya kwance maka kwalekwale iska ta tafi da shi tsallake. Ka koma tuƙa motar kwashe ƙanƙarar hanya da hunturu, aikin da bai dace da ciwon bayanka ba. Shekaru suka yi ta wucewa tafkin bai nuna wani canji ba, Evert kuma bai taɓa haɗuwa da kai ba tare da ya tambaye ka ina iyayen kifin suka shiga ba. Ban taɓa jin ka ce ka yi nadama ba. A wannan lokacin ne ka koyi sassaƙa. Mutum ya kama babba, ya auna ta, ya ɗauki hoto, ya sake ta, kai kuma ka sassaƙa masa irinta da itace. Ta farkon da ka yi, Majken ta ce ta fi kama da kada.

Ba aunawa kaɗai kake yi a matsayar nan ba. Kai kake koya wa baƙi su jiƙa hannu kafin su taɓa kifi, su cire ƙugiya kifin yana cikin ruwa. Wanda ka samu da kifin da bai kai ba, ba ka kunyata shi gaban iyalinsa. Kakan ja shi gefe ku yi magana, sau da yawa kuma maganar takan ƙare a shagona, kai kake saya masa kofi.

Ina cikin kwalekwalenka ranar da ka kama babbar da ka yi rayuwarka kana nema. Mun wuce tsibiri kaɗan sandar kamun kifinka ta lanƙwashe, ka yi ta kokawa har gumi ya jiƙa maka riga. Da ta taso, tsawonta ya wuce mita. Ka riƙe ta a ruwa, ka ce a duk aikinka ba ka taɓa ganin fata mai kyau irin wannan ba. Sai ka buɗe hannu, ta kaɗa wutsiya ta nutse. Tun daga nan har muka iso gaɓa kana zagin wawan da ya ƙirƙiro wannan doka.

Yau manyan gedda sun dawo Orrvik, ruwan ya washe, baƙi sun fi na da. Abin da ya kawo sabuwar magana ke nan. Wasu 'yan ƙungiya sun shigar da buƙatar a cire iyakar sama, a ɗaga uku zuwa shida, domin wani kamfani yana son shirya gasar kamun kifi wadda za a rataye manya a auna a gaban jama'a. Ranar Asabar ta biyu a watan Afrilu za a jefa ƙuri'a. Da na je duba ka a asibiti, numfashinka yana yankewa, ba ka bar ni na tambayi jikinka ba. Ka ce, “Solbritt, za su ce kifi ya dawo, doka ta gama aikinta. Ki faɗa musu kifin yana nan ne saboda dokar tana nan.”

Zan faɗa musu, Torgny. Ban iya magana a taro ba, ka sani, amma zan tashi. Evert da kansa ya tare ni bayan jana'iza, idonsa jawur, ya ce hannunsa yana tare da namu. Majken kuma, wadda ba ta taɓa taka ƙafa a taron ƙungiya ba kuma ba ta cin kifi, ta ce gonarku ta bakin ruwa tana da ƙuri'a, ita za ta zo ta jefa. Duk mai haƙƙi a tafkin nan da ya karanta wannan, ina roƙonsa ya zo zauren coci ranar.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Majken, da 'ya'yanku Vidar da Elsbet, da jikoki, da dukan mutanen Orrvik. Allah Ya ji ƙanka, Ya gafarta maka kurakuranka, Ya ba ka hutu bayan wahalar da ka sha. Allah Ya ba iyalinka haƙuri, mu kuma Ya ba mu ƙarfin tsayawa a inda ka tsaya. Amin.

Solbritt Nyfors, Orrvik