Yatsu Biyu na Hamma Buba

Bana shekara ashirin da bakwai ke nan da rasuwar yayana, Hamma Buba bakanike, kuma har yau akwai tambaya guda da ban yi masa ba. Ina jin haushin kaina a kan haka.

Zamanin da Yola take ƙarƙashin Jihar Arewa maso Gabas na samu aikin direba a wani ofishin gona. Komai sai an kai Maiduguri a sa hannu, saboda haka motar ofis ba ta hutawa. Sai ta fara yoyon baƙin mai ta gefen murfin inji. Maigidana, mutum mai tsabta har ta yi yawa, ya nuna mini tabo a simintin ofis, ya ce in ya sake gani bayan mun dawo daga Maiduguri, in ajiye makulli. Ga ni da sabon aure, ban cika wata uku a aiki ba.

Ni kuwa ƙarfi Allah ya ba ni. Kullum da safe sai in ɗauki sifana in ƙara ɗaure notinan murfin, har da dafa ƙafa a bamba. A tunanina duk abin da ke yoyo matsi yake so. Yoyo sai gaba yake yi. Girman kai ya hana ni zuwa wajen Hamma sai ana gobe tafiya.

Na same shi a rumfarsa bayan kasuwar Jimeta. Ya leƙa inji ya ce, "Wane ne ya ɗaure wannan?"

"Ni ne, Hamma."

"Motan nan ba shi da laifi. Kai ne ka shaƙe shi."

Ya kwance murfin ya nuna mini gasket, shimfiɗar nan mai laushi da ke tsakanin murfi da inji. Ashe na matse ta har ta tsage ta ɓullo gefe, bakin murfin kuma ya lanƙwashe a gindin kowane noti. Ya daddaki bakin a kan katako har ya miƙe, ya goge, ya shimfiɗa sabuwa. Sannan ya riƙe sifana da yatsu biyu kusa da kanta, ya fara daga notin tsakiya, yana tsallakawa gefe zuwa gefe, kaɗan-kaɗan. Na ce wannan ai kafin jirgin fito ya haye da mu Binuwai zai kwance. Ya kama yatsuna ya ɗora a sifanar, ya juya da hannuna, ya tsaya.

"Nan. Ka ji?"

Ban ji komai ba, amma na ce na ji.

A hanya na fito da sifana har sau biyu, ina mayar da ita don tsoron faɗansa. Muka je muka dawo ba ɗigo ko ɗaya. A ofishin nan na yi ritaya. Abin da ban taɓa tambaya ba shi ne, me ya kamata in ji ranar nan?

Nakan so in san yadda zai ga 'yan yanzu, masu shafe gasket da gam kamar ana yaɓen ɗaki. Kwanaki kuma na ga wani bakanike a unguwar Damilu da sifana mai awo, wadda ke cewa ƙas idan ɗauri ya kai. Na san da Hamma yana raye zai saya, ya gwada ta da yatsunsa, in suka saɓa ya ce sifanar ce ta lalace.

Bakaniken yana sa gasket a tsohuwar motata, na roƙi ya bar mini noti ɗaya. Na riƙe da yatsu biyu, na juya, hannuna ya tsaya da kansa. Ya ɗora tasa sifanar don ya duba. Notin ya ɗan motsa da ƙyar, ta ce ƙas.

"Baba, kai ma makanike ne da?"

Na dubi yatsuna biyu. Rumfar Hamma shagon waya ce yanzu, sifanunsa duk sun watse. Shekarun nan duka ina zaton ƙarya na yi masa. Allah ya jiƙanka, Hamma. Ashe na ji.