Larabar Sista Ba-Komai

Shekara goma sha tara tana aiki a ɗakin mata na asibitin, har sunanta na yanka ya ɓata. Kowa Sista Ba-Komai yake ce mata, domin duk wadda ta ce, "Don Allah riƙe min aikin gobe," amsar ɗaya ce: "Ba komai." Alhali akwai komai! Bayanta ya ƙage da ɗaga marasa lafiya, shayinta kuwa kullum sai ya huce a bakin taga, da ƙuda a ciki.

Bara manyan asibitin suka kira taro, wai za a ba nas-nas iko a kan aikinsu. Aka sha tafi. Babbar nas ta miƙa mata jan biro, ta ce, "Daga yau ke ce mai rubuta jadawalin aiki. Wuƙa da nama na hannunki."

Wane nama? Gurbi goma sha biyu, nas bakwai. Ko mutum ɗaya ba a ƙaro ba, an dai sauya wadda za a riƙa zagi. Wannan goyo, waccan ciki, ɗaya hawan jini. Duk gurbin da ya rage, sai ta cije leɓe ta rubuta sunan kanta.

Rana ɗaya tak ta keɓe: Laraba, ranar da za a kwance wa Innarta bandeji bayan aikin yanar ido. Shekara uku tsohuwar ba ta ga fuskarta ba. "Ke nake so in fara gani, 'yar nan," in ji ta.

Laraba da safe ta shirya tsaf, sai ga wayar babbar nas: mutum biyu ba su zo ba, gado talatin na kan nas ɗaya.

"Ranki ya daɗe, yau fa ranata ce."

"Ai ke ce mai jadawali, Sista. Ni me zan yi miki?"

Wallahi a'a ta yi niyyar cewa, amma abin da bakin ya saba shi ya fito. Ta bar wa maƙwabciya Inna don ta kai ta asibitin, ita kuwa ta zura farin kaya.

Baranda biyu ce tsakanin ɗakin mata da sashen ido, amma ba ta samu ƙetarawa ba sai ƙarfe uku. Ta tarar da Inna ita kaɗai a kan benci, ido tar, maƙwabciyar ta tafi karɓo magani. Kafin ta yi magana tsohuwar ta dubi farin kayan, ta dubi fuskar nan da ta zabge, ta gyara zama cikin ladabi.

"Sannu da aiki, likita. Don Allah, ko kin ga 'yata?"