Motar da Aka Hana Kunne Taɓawa

Ƙanena bakanike ne, ya yi shekara arba'in da wani abu a gareji, kuma tun yana saurayi sunansa na yanka ya ɓace, kowa Kunne yake ce masa. Mota za ta shigo, mai ita ya ɗauko dogon bayani, shi kuwa ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bari ta faɗa da bakinta." Sai ya zaro wata doguwar sukudireba mai jan mariƙi, ya ɗora tsininta a kan inji, ya manna mariƙin a kunne, ya lumshe ido kamar wanda ake yi wa susa. In ya buɗe ido ya faɗi ciwon, da wuya a kwance a tarar da wani abu daban.

Ni na goye shi, don haka na san ba wayo ne ya yi masa yawa ba. Har ya yi furfura, in ka aike shi gishiri sai ya dawo da sabulu. Amma kunne kam Allah ya ba shi. Yana ɗan shekara shida yake gaya wa mahaifiyarmu keken ɗinkinta na son mai.

Da hannunsa ya soma rawa ya bar gareji, ya koma zaman benci a ƙofar gida, yana yi wa motocin da ke wucewa duba kyauta. "Waccan ba za ta kai ƙarshen wata ba." Ba mai sauraronsa sai ni, ni ɗin ma don ƙafata ba ta da saurin gudu ne.

Ana nan sai Auta, ƙaramin ɗansa da ke aiki a banki, ya sayo mota. Ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ta kwanta a ƙasa kamar kwaɗon da aka taka. Ta hannu ce, wani ya riga ya more ta. Na zagaya ta sau biyu na ce, "Kai da ke shirin aure, ina za ka sa surukarka?"

Ya ce, "Gwaggo, wannan ba ta ɗiban mutane ba ce, ta gudu ce."

Na ce, "Wa ya biyo ka?"

Kunne kuwa motar yake kallo. Ya taso daga benci fuskarsa fal fara'a, ya goge tafinsa a riga, ya kai hannu zai ɗaga murfin inji. Sai Auta ya yi wuf ya tare shi. "Baba, kar ka taɓa."

Ya ciro wata takarda ya karanta mana. Wai garanti ne na wata shida daga wurin dillalan da suka sayar masa. Duk abin da ya lalace a inji su za su gyara kyauta, amma da sharaɗin kada bakaniken waje ya sa mata hannu. Har shuɗin fenti suka ɗiga a kan kowane noti, in fentin ya tsage, garanti ya tashi.

Kunne ya ce, "To, madalla," ya zura hannayensa a aljihu ya koma benci. Bakaniken waje. Mutumin da da sifana ya biya kuɗin makarantar da aka koyi karanta takardar. Na so in wanke yaron tas, amma na ga shi ma idonsa na ƙasa, sai na haɗiye.

A wata na biyar Kunne ya jawo ni gefe. "Yaya, motar nan ba ta da lafiya."

Na ce, "Ni na ji tana ruri kamar sa."

Ya ce ba rurin ba. Kullum da safe in Auta ya tayar da ita, akwai wani ɗan karkar da take yi, bai wuce numfashi uku ba, sai ya ɓace. Sarƙar da ke cikin injin ce ta saki. Ranar da ta tsinke, injin ya gama yawo, kuma irin wannan inji sai dai a yi odarsa daga waje.

Auta ya ji maganar, ba laifi. Sau biyu yana kai ta wurin dillalan, sau biyu suna jona mata kwamfuta suna cewa lafiyarta lau. Da ya dawo na biyun ya same ni a kicin ya rage murya. "Gwaggo, ke ma kin sani, Baba yanzu sai an maimaita masa magana. Kunnen nan ba kamar da ba ne."

Ashe uban na tsaye a bakin ƙofa, kuma wannan kam bai nemi a maimaita masa ba. Washegari ya kawo mini sukudirebarsa a naɗe cikin tsumma, ya ce in ajiye, ko zan riƙa buɗe gwangwani da ita. Kwana biyu bai fita benci ba. Garanti kuwa saura kwana tara.

Abin ya tsaya mini a rai. Ban san inji ba, amma na san gwiwata. Da safe takan yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma in na taka zuwa asibiti, kafin layi ya zo kaina ta saki, likita ya lanƙwasa ta ya ce ba komai. Na kira Auta na ce, "Daga nan zuwa wurin mutanen naka tafiyar minti nawa ce?"

Ya ce rabin awa.

Na ce, "To da ɗuminta kake kai musu ita. Wa ya taɓa ganin ciwon safe da rana tsaka?"

Kunne da ke zaune a gefe ya ɗago kai ya dube ni. A hankali ya ce, "Baƙin mai ya riga ya hau, ya rufe mata baki." Ya miƙe ya hau neman takalminsa.

Wani tsohon abokin aikinsa mai motar janwe ya zo da sassafe, aka ɗora ta ba tare da an tayar ba. Auta ya bi mu yana sunkuyar da kai, motar gudu ga ta a goye, duk maƙwabta sun leƙo.

Wurin dillalan gilashi ne ko'ina, ƙasa na sheƙi, ba ɗigon mai ko ɗaya. Manaja ya fito da murmushin da bai kai ido ba, ya ce ai an duba motar nan har sau biyu. Bakanikensu, mai farar riga kamar likita, ya miƙa hannu a ba shi makulli.

Kunne ya ce, "Dakata, ɗana. Sau ɗaya za ta faɗa, in ka bari ta wuce sai gobe."

Manaja ya ce, "Baba, ka san sharaɗinmu."

Kunne ya mayar da hannayensa baya ya harɗe su, don kowa ya gani. Ni kuma na warware tsumma na miƙa wa mai farar riga sukudireba. Ya dubi manaja. Na ce, "Kai ai ba na waje ba ne, ko kai ma an shafa maka fentin?"

Ya yi dariya ya karɓa. Kunne ya riƙa nuna masa da haɓa. "Gaba kaɗan. Ƙasa. Nan. Manna kunnenka, ba za ta cije ka ba." Sannan ya ce wa Auta ya murɗa.

Ni dai ruri na ji. Amma na ga fuskar mai farar riga, na ga dariyar ta ɗauke. Ya ɗago ya dubi Kunne ya ce, "Baba, wannan daga ina ka jiyo ta?"

Na ce, "Daga benci, ta bayan katanga."

Da sifanarsu suka fasa fentinsu, muna zaune muna kallo. Sarƙa ta saki, robar da ke riƙe da ita ta tsage gida biyu. Manaja ya sa hannu a takarda kamar ana cire masa haƙori, ya ce da ta tsinke bayan garanti ya ƙare, gyaran zai kusa rabin kuɗin motar. Auta ya miƙe. Ya je ya karɓo sukudirebar, ya goge ta da hankicinsa, ya durƙusa ya miƙa wa ubansa da hannu biyu.

Ranar da wata shida ya cika, ina shara na ga Auta ya ɗaga murfin inji da kansa ya ja baya. "Baba, bismilla."

Kunne ya taso ba sauri. Ya ɗora tsini, ya manna kunne, ya lumshe ido. Hannun na rawa, amma da ya dafa ƙarfen sai ya natsu. Ya daɗe a haka, har na ce ko barci ya ɗauke shi.

Ya buɗe ido ya ce, "Yaron nan mai farar riga yana da hannu." Ya rufe murfin, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, ya sulale cikin kujera da ƙyar. "Mu je ka zaga da ni. Akwai abin da tayar baya ta hagu take son gaya mini tun watan jiya."

Suka bar ni tsaye da tsintsiya. Da ma na faɗa, kujera biyu ba mota ba ce.