Injin Ciyawar Dabbab

Har gobe ba na manta wata Laraba a watana na biyu a Riyad. Ku da kuka zo yanzu kun tarar da 'yan'uwa ko'ina. Ni gonar shaƙatawa aka kai ni, wadda suke kira istiraha, can bayan gari, daga ni sai dabino sai tumaki. Tsarin kamfanin da ya kawo ni wata uku ne na gwaji. In mudir, wato manaja, ya sa hannu, ka zauna. In bai sa ba, sai filin jirgi. Ni kuwa aikin gyaran tarakta na ajiye a gida na taho, babu abin da zan koma wa.

Larabcina na Islamiyya ne, na kasuwa bai zauna ba tukuna. Mudir, wani dattijo mai suna Abu Nasir, sai ƙarshen mako yake zuwa, sauran kwanaki saƙon murya. Ran nan ya turo cewa in bi direba shagon kayan noma in zaɓo injin yankan ciyawa "hagg ad-dabbab", wato na dabbab. Sau biyar na saurara. Dabbab, dabba. Na leƙa garke na ga tumaki, na ce shi ke nan, injin yanko wa dabbobi ciyawa yake so. Zuciyata ba ta kwanta ba, amma wa zan tambaya? Direban ɗan Bangaladash ne, sallama kawai ke haɗa mu. In na mayar wa mudir tambaya kuma, ya gane makanikin nasa ba ya jin magana.

A shagon iri uku na tarar. Akwai mai wuƙaƙe masu juyawa a ƙasa, mai aske filin zama daidai wa daida. Akwai mai guduma, na wuri mai ƙaya da tsakuwa. Waɗannan biyun janye su ake yi, kowanne da injinsa a ka. Na ukun doguwar wuƙa ce mai haƙora, tana kwantar da ciyawa da tsawonta don a shanya wa dabbobi, kuma daga bayan tarakta take samun ƙarfi. Mai shagon ya ji dabbab, ya nuna na farko. Na girgiza kai, na dafa na ukun. Ya sake tambaya, "Lid-dabbab?" Na ce, "Aiwa," wato e, da muryar wanda ya san aikinsa. Ya ɗaga kafaɗa ya sa aka loda.

Alhamis da hantsi Abu Nasir ya iso. Ya zagaya injin. Sannan ya ja ni rumfar ajiya, ya yaye leda daga kan babur mai ƙafa huɗun nan da nake ɗaukar taki da shi kullum.

"Wannan shi ne dabbab, ya Sani."

Na durƙusa na duba. Babur ɗin ba shi da inda zai juya wannan wuƙa, ƙugiya ce kawai a bayansa. Filin zama yake so a aske, yana da baƙi washegari.

Ya ce, "Me ya hana ka tambaya?"

Na haɗa ɗan Larabcina na ce, "Ya Sheikh, wa zan tambaya? Kwana hamsin ban yi hira da mutum ba."

Sai ya ce in shiga mota. Da kansa ya mayar da ni shagon, ya koma gefe ya bar ni. Wannan karon na je da awon ƙugiya da na ratar da ke tsakanin dabinai. Na duba ko ƙafafun injin na ɗagawa da saukewa, na ɗauki mai wuƙaƙen, matsakaici wanda babur zai ja a yashi. Kafin la'asar na aske filin.

Abu Nasir ya sa hannu a takardar gwajina da lokaci ya yi. Bai taɓa tada zancen ba, ni ma ban samu wanda zan ba labarin ya yi dariya ba sai bayan wata bakwai, domin sai mai jin Hausa zai gane inda na zame.

Abin da na koya, kafin ka zaɓi abin da ake jonawa, je ka ga abin da za a jona shi da idonka. Kuma yawancin ɓarnar sabon zuwa ba rashin iya aiki ba ne, rashin wanda zai tambaya ne ba tare da jin kunya ba. Shi ya sa nake tilasta muku ajiye lambata. Ko kalma ɗaya ce ta shige muku duhu, ku kira ni, zan ɗauka.