Kitson da Na Ƙi Yi wa Nafisa

Kawuna da yawa sun bi ta hannuna a garin nan, amma har gobe ban manta da ranar da 'yan ƙwallon kwando suka cika mana shago ba. Ku da kuka zo daga baya ba ku san tsohon shagonmu na unguwar University Heights ba. Hajiya Memuna, mutuniyar Kumasi, ita ce mai shago, ni ce babbar ma'aikaciyarta, da mata huɗu a ƙarƙashina.

Wata Asabar ce cikin zafi. Ƙungiyar mata ta wata ƙasa daga ƙasashenmu, ba zan faɗi ko wacce ce ba, ta yi sansani a New York kafin ta tashi zuwa gasar duniya. Tsarinsu shi ne a kira 'yan wasa fiye da buƙata, a yi ta atisaye, likita ya duba kowa, sannan koci ya zaɓi goma sha biyu. Sauran su koma gida su yi kallo a talabijin. Ranar Litinin za a yi zaɓen, shi ya sa kowacce ke son ta yi kitso ta huta. Mai kula da su, wata Madam Asabe, ita ta kawo su, ta zauna bakin ƙofa tana latsa waya.

Tsayi kam Allah ya ba su. Kujerunmu suka gagare su, sai muka jefa matasai a ƙasa muka koma irin na gida, mai kitso a sama, mai kai a tsakanin ƙafafunta.

Wadda ta faɗo hannuna sunanta Nafisa, haihuwar Park Hill a nan New York, ubanta Bahaushe. Tana jin Hausa sarai, sai dai in za ta mayar ta cakuɗa da Turanci. Ta haura talatin. Ta ce min an sha kiranta sansani ana sallamarta a ranar zaɓe, wannan ce damarta ta ƙarshe, kuma koci ya nuna mata bana da ita za a tafi.

Kun san ƙa'ida: a tsefe, a wanke, a busar, a taje, sannan a tsaga. Ita ta ce ta wanke a masauki, kada in kai ta wurin ruwa. Ta roƙa a kashe fitilar da ke samanmu, wai tana sukar idonta. Ta tambayi sunana, na ce Saude. Ban gama taje gefe ɗaya ba ta sake tambaya. Na ce a raina, 'yan Amurka da rainin wayo.

Ina sa kibiya zan tsaga bayan kunnenta na hagu, sai na ji yatsana ya lotsa. Innalillahi! Kumburi ne kamar rabin ƙwai, ga laushi, fatar ta yi baƙi har ƙeya. Kibiyar ma ta suɓuce min. Kafin in buɗe baki ta damƙe hannuna, ta yi ƙasa da murya.

"Anti, ki rufa min asiri. Ki ɗora kitso mai kauri a wurin, kada likita ya gani. Bayan gasa zan je asibiti, wallahi."

Ashe tun Alhamis ta faɗi a atisaye, kanta ya bugu da daɓen filin, ta miƙe tana dariya don kada a lura. Tun ranar amai take yi a ɓoye.

To, ku dai kun san mai kitso ba ta da baki. Muna ganin furfura, muna ganin sanƙo, muna ganin tabon dukan miji, mu rufe mu yi shiru. Da wannan shirun muke cin abinci. Na ce mata zan ɗauko mai, na same Hajiya a ɗakin baya na gaya mata. Ita ma ta razana, ta dafe ƙirji. Amma ta ce namu kitso ne ba likitanci ba, yarinyar nan ba ƙarama ba ce, kuma ranar da aka ji shagonmu na tona asirin kai, ranar muka rufe. Ta ce in yi wa yarinyar abin da ta roƙa. Ban ga laifin Hajiya ba, ni ma da haka aka koya min sana'ar.

Na dawo na zauna. Nafisa ta ɗago ta dube ni, ido ɗaya a lumshe, ta ce, "Anti, me ma kika ce sunanki?"

Nan na gane ba rainin wayo ba ne, buguwar kan ce ke sa ta mantuwa. Na ajiye mataji, na ce mata ba zan kitsa ba. Ko ta tashi ta gaya wa Madam Asabe da bakinta, ko ni in faɗa. Ta yi min magiya, ta yi kuka, daga baya ta zage ni tas da Turanci, abin da na ji da wanda ban ji ba. Na tsallake ƙafafunta na je bakin ƙofa na faɗa.

Madam Asabe ta taɓa wurin, ta ja da baya tana salati, ta kira motar asibiti. Nafisa da ƙafarta ta fita, ko kallona ba ta yi ba. Kafin magariba muka ji an shiga da ita tiyata, jini ne ya taru a cikin kai.

Aka cire sunanta, ƙungiya ta tashi. Duk wasan da suka buga a talabijin ɗin shago muka kalla, ni kuwa sai in juya baya in yi ta tsaga. Hajiya ta daɗe ba ta amsa gaisuwata da daɗi. Wasu kwastomomi suka ɗauke ƙafa, har a masallaci na ji ana cewa Saude ba ta riƙe sirri. Abin ya yi min ciwo ƙwarai.

Sai da sanyi ya shigo, ranar nan na ga doguwar mace ta sunkuyo ta ƙofa da hular ulu. Ta jawo matashi ta zauna a gabana, ta cire hular. Gefe ɗaya an aske, gashi ya fara tsirowa, ga ɗinki ya kewaye kunne. Ta bar ƙwallo ke nan har abada.

"Anti Saude," ta ce, "ban gama yafe miki ba. Amma ki kitsa abin da ya rage."

Wannan karon ta riƙe sunana. Na ɗauki kibiya, hawaye na hana ni ganin tsaga.

Shi ya sa nake damun ku da cewa ku bi kai da yatsa kafin ku sa kibiya. Asirin da za ku rufa, ku rufa shi har kabari. Amma wanda zai kai mai shi kabari, ku ajiye mataji ku tashi, ko da za ta tsane ku. Gara ta rayu tana jin haushinku.